Kuɗin Cefane Ba Iri Ba Ne

 Gara in faɗa muku tun daga farko cewa yau raina a ɓace yake, don kada wata ta karanta ta kai tsakiya ta ce ashe Mama faɗa ta zo yi. I, faɗa na zo yi, kuma wanda abin ya taɓa sai ya yi haƙuri.

Akwai wata yarinya maƙwabciyata a nan Sabon Tasha, Kaduna, wadda nake ɗauka kamar 'yar cikina. Aurenta bai wuce shekara 7 ba, 'ya'yanta uku. Mijinta keke yake ja, keken ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas kafin ya san abin da ya samu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, gidan nan bai sake ganin nama a miya sau biyu a mako ba. To da aka koma makaranta, bawan Allahn nan ya ƙuƙuta ya tara naira 25,000, ya damƙa mata ya ce ranar Litinin ta kai kuɗin makarantar manyan yaran biyu.

Ranar Asabar da dare sai ta tafi taron farkawa da ake yi a wani fili. Baƙon mai wa'azi ne daga wani gari, ya sha kwat, ga tafinta yana bin sa a guje. Da dare ya yi nisa, an sha waƙa an sha kuka, sai ya ce Ruhu ya nuna masa mutum 10 da za su shuka iri na naira 50,000. Da suka fito aka shafa musu mai, sai ya sauko 20,000. Ya ce akwai wata mata a nan da ke riƙe da kuɗin da ba zai ishe ta ba, to ta sani abin da bai isa biyan bukata ba iri ne, ta shuka shi, cikin kwana 21 za ta dawo da shaida. Ku gaya mini, a filin da mata suka fi ɗari biyar, wace ce ba ta riƙe da kuɗin da bai ishe ta ba? Amma ita yarinyar nan sai ta ji kamar sunanta aka kira. Ba ta ma fito da kuɗin a hannu ba, amma an tanadi mai POS a gefen bagadi, ga kuma lambar asusu an rubuta ɓaro-ɓaro a kan allo. Ta tura 20,000.

Kwana 21 suka cika, ba abin da ya zo sai yara da aka koro daga makaranta. Mijin ya ji labari, ranar ba wanda ya yi barci a layinmu. Washegari da sassafe ta shigo wurina, ido ya kumbura, ta durƙusa. Ni na ɗauka za ta ce an cuce ta. Sai ta ce, "Mama, ni fa ina ga bangaskiyata ce ba ta kai ba. Da na tura kuɗin sai da zuciyata ta yi ɗar. Ƙila shi ya sa Allah ya ƙi ni."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Kuɗi kam an sha asararsu, a kuma sake samu. Amma a ce mutum ya kwashe kuɗin makarantar yara, sa'an nan ya bar uwarsu tana tuhumar kanta, tana ganin Ubanta na sama ya juya mata baya don zuciyarta ta yi ɗar? Ɓarawon da ya haura katanga ma ya fi shi imani, don shi dai kaya ya ɗauka, bai taɓa tsakaninki da Allah ba.

Kada ku ce ina yi mata dariya. Ni ma an taɓa cin nawa. Ina da turmin atamfa biyu da uwata ta ba ni, na sayar na sa a ambulan don an ce maigidana zai sami aiki cikin wata ɗaya. Sai da ya shekara uku yana zaune. Saboda haka abin da nake faɗa ba ji na yi ba, ɗanɗanawa na yi.

Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne, wannan koyarwa ta shuka iri ba tare da bishara ta zo ƙasarmu ba. Tun 1932 iyayenmu suke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, suna karantawa a Wusasa da Jos da Kagoro da Kaltungo, suna ba da zakka da baiko, da kaka su kai dawa da masara da kaji godiya, ba wanda ya ce musu su ba Allah ɗaya ya biya su ɗari kafin ƙarshen wata. Daga Amurka abin ya taso. Wani mai wa'azi, Oral Roberts, shi ya yayata shi ta rediyo da talabijin, shi ne kuma a 1987 ya gaya wa mabiyansa cewa in ba a tara masa dala miliyan 8 ba Allah zai ɗauke ransa. Har Benny Hinn, wanda da yawanmu muka sha kallo a talabijin, a 2019 ya fito fili ya ce ya daina kiran mutane su shuka dala 1,000, don sa wa albarkar Allah farashi ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai ne. Ko ya cika alkawarin ko bai cika ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ni dai abin da ya ba ni mamaki, mai kaya ya ce kayansa sun lalace, mu kuwa 'yan sari har yanzu muna layi.

Za su ce ai maganar shuka da girbi tana cikin Littafi. Tana ciki mana. Amma buɗe ki duba da idonki, ai don haka aka koya mana karatu. A misalin mai shuka, cikin Luka sura 8, Ubangiji da bakinsa ya fassara irin, ya ce Maganar Allah ce. A 2 Korintiyawa sura 8 da 9, inda Manzo Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka, gudummawa yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Kuɗin daga masu ɗan hali yake fitowa ya tafi wurin marasa shi. A nan kuma ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa waɗansu a matsa wa waɗansu ba. To yaya aka yi kogin ya juya, yanzu daga tukunyar matar mai keke yake gangarawa zuwa tankin jif?

Labarin da suka fi so shi ne na gwauruwar Zarefat, a 1 Sarakuna 17. Ba taron da za a watse ba a ja shi ba. Wai ba ga shi ba, annabi Iliya ya ce ta fara toya masa tukuna, alhali ɗan garin da ya rage ke nan mata da ɗanta. Gaskiya ne, haka ya ce. Amma a ƙarasa labarin mana. Iliya da yunwarsa ya zo, rafin da yake sha ya ƙafe, bai fi ta komai ba. 'Yar waina ƙarama ya roƙa. Kuma da ya ci bai hau mota ya bar gari ba, a gidan ya zauna, abin da suka ci shi ya ci, da garin ya ƙare da tare za su mutu. Da ɗanta ya kwanta ciwo har ya rasu, annabin yana nan, shi ya ɗauke shi ya yi kuka ga Allah har rai ya dawo. Sa'an nan ku lura, garin nan bai zama buhu goma ba, matar ba ta gina bene ba. Tukunyar dai ba ta ƙare ba, kullum ta sa hannu sai ta sami na ranar. In akwai mai wa'azin da ya yarda ya karɓi irina bisa wannan sharaɗi, ya zo ya zauna unguwarmu ya sha kokon da muke sha har yunwa ta wuce, to bismilla, ƙofa a buɗe take.

Haka suke yi da gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a Haikali, a ƙarshen Markus 12. Suna karanta yabon da Yesu ya yi mata, su tsallake ayar da ke sama da labarin kaɗan, inda ya la'anci malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. A shafi ɗaya suke, ba sai kin juya ba. Kuma a Markus 7 ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Kuɗin makarantar ɗanki, da kuɗin maganin uwarki, da kuɗin cefanen da maigida ya bari, duk amana ce a hannunki. Ba a yi wa Allah kyauta da kayan amana. Wanda ya ce ki ɓoye wa mijinki wai don kada Shaiɗan ya ji, shi ne bakin Shaiɗan ɗin.

Mu ma fa da laifinmu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me ya fitar da mu gaban bagadi? Mu faɗi gaskiya, lissafi muka yi. Dubu ashirin sau goma, sau ɗari. Zuciyar da ta kai mutane MMM har ya rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, ita ce ta sake kai waɗansu CBEX ya watse a Afrilun 2025, ita ce kuma take ɗaga mana hannu in an ce wa zai shuka. Bambancin kawai wannan an shafa masa man zaitun. Caca ce, ko da an buɗe ta da addu'a. Kuma wanda ya yi tsalle daga kan soro wai mala'iku za su tare shi, ai mun san wa ya fara kawo wannan shawara, mun kuma san amsar da ya samu.

To Mama, kina nufin kada mu dogara ga Allah ke nan? Haba! Ni da na ga tanadin Allah da idona? Bari in ba ku nawa labarin.

Lokacin da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa a shekarun 2000, maigidana yana cikin waɗanda aka sallama. 'Ya'yanmu biyar a lokacin, ga ƙanwarsa a hannunmu. A cikinsu ne na yi wautar sayar da atamfofin nan. Ba zan yi muku ƙarya irin ta masu shaidar taro ba: akwai daren da muka jiƙa garin kwaki da ruwa ba sukari, muka sha muka kwanta. Na yi addu'a, na kasa kunne ko wani zai ƙwanƙwasa ƙofa, ba wanda ya zo. Autana yana kuka, ni ina kuka. Na sha tambayar Allah ko ya manta lambar gidanmu.

Amma yau in na zauna na ƙirga, a shekara ukun nan ba mu binne kowa ba, ba yaron da ya bar makaranta. Ta ina abin ya riƙa zuwa? Wata tsohuwa a Zumuntar Mata, wadda ita kanta itace take sayarwa, ta zo mini wata Talata da mudu biyu na masara da ƙullin daddawa, ta ce, "'Yata, jiya na kasa barci, ke ce a raina." Ban gaya mata komai ba. Uwata a ƙauye takan ba direba ɗan buhun dawa bayan kaka. Mai shagon bakin layinmu, Musulmi ne, Allah ya saka masa, ya buɗe mini littafin bashi, bai taɓa ɗaga mini murya gaban yara ba. Matan Zumunta suka ba ni ɗaukar farko a adashi alhali ba layina ba ne, na sayi wake da man gyaɗa da kasko, na fara suyar ƙosai. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in wanke wake in kai niƙa. Hayaƙin nan shi ya taɓa mini ido har yau. Kuma da ƙosan nan aka yi digiri biyu a gidana.

Wata za ta ce wannan ai ba mu'ujiza ba ce, mutane ne da wahala. To da me kike so Allah ya aiko? Duba manna ma da ta sauko daga sama, a Fitowa 16. Ba a cikin akushi ta sauka ba. Sai an fita da sassafe an tsince ta kafin rana ta yi zafi ta narke, kuma Littafin Ƙidaya ya ce niƙa ta ake yi ko a daka a turmi, a dafa a tukunya. Wato matan Isra'ila ma sun sha daka kamar mu. Kowa mudunsa na ranar, wanda ya yi zari ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari, sai ranar shida kaɗai ake ɗibar na kwana biyu saboda Asabaci. Shekara 40 ana haka. Wannan abin yana da wuya ga zuciyar mace, ni na sani, don mu so muke mu ga buhu a jingine kafin hankalinmu ya kwanta. Amma addu'ar da Ubangiji ya koya mana ma abincin yini ta roƙa. Masu iri kuwa na shekara goma suke yi mana alkawari a dare ɗaya, shi ya sa kasuwarsu ke ci.

Ni a duk Littafi ba labarin da ya fi kama da rayuwarmu kamar na matar nan a 2 Sarakuna 4, wadda mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Ta je wurin Elisha. Bai ce ta kawo komai ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kawai. Ya aike ta wurin maƙwabta aron tukwane, ya ce ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta ta yi ta zubawa. Da tukwane suka cika ya ce ta je ta sayar, ta biya bashi, su ci sauran. Ko cokali ɗaya na man bai karɓa ba. Ga abin da ke hannunki, ga maƙwabta, ga 'ya'ya suna miƙo tukunya, ga kasuwa, ga biyan bashi, Allah kuma yana cikin kowane ɗayansu. A sura ta gaba kuma, da Na'aman ya warke ya kawo dukiya, Elisha ya ƙi karɓa. Baransa Gehazi da ya bi baya a ɓoye ya karɓo, kuturta ya kwasa. Ban taɓa jin an yi wa'azin Gehazi a daren shuka iri ba.

Akwai wani bawan Allah a Ingila, George Muller, wanda ya rasu a 1898. Marayu wajen 10,000 suka bi ta hannunsa a garin Biristol, kuma ƙa'idarsa ita ce ba ya roƙon kowa kuɗi, Allah kaɗai yake gaya wa bukatarsa, ba ya kuma cin bashi. Duk abin da ya shigo sai ya rubuta, a buga lissafin kowa ya gani. Ku auna wannan da wanda ke cewa Allah ne mai biya masa bukata amma sai ya yi awa biyu da makarufo yana matsa wa mata. In shuka tana ninka kuɗi sau ɗari, me ya hana shi ya shuka nasa a hannun gwauraye ya zauna jiran girbi?

Bari in ɗan karkata kan iyayen gida, tunda na san suna leƙa littattafanmu a ɓoye. Maigida, ka fita da safe ba ka bar ko sisi ba, an tambaye ka ka ce "Allah zai tanada", da yamma kuma a gan ka a shagon cacar ƙwallo ko gidan burkutu. Allah ya riga ya tanada, a aljihunka ya sa. Je ka karanta 1 Timoti 5:8 ka ji sunan da aka ba irinka, ni ba zan faɗa da bakina ba. Ku kuma 'yammata masu azumin kwana bakwai don miji mai mota, alhali an biya muku kuɗin koyon ɗinki kun ƙi zuwa, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Rut da kala ta fita gona, a can Bo'aza ya gan ta.

Kada kuma wata ta ɗauki maganata ta je ta ɗaure bakin jaka ta ce Mama ta hana bayarwa. Ina fitar da zakkata daga ribar ƙosai tun ranar da na fara, a ikilisiyar da nake, inda ake karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, inda in na kwanta asibiti fastona da matarsa za su zo da kwano. Yawancin fastocinmu na karkara noma suke yi kafin su ci, waɗansu albashinsu ba ya kai mako biyu, ba da su nake ba. Tsohuwar nan da ta kawo mini masara ta bayar, kuma ta bayar daga rashi, amma ba ta ƙirga kwana 21 ba. Ta rasu a ɗakinta na haya, ba ta taɓa yin arziki ba, ba ta kuma taɓa kwana ba mai leƙa ta ba. Ranar jana'izarta majami'a ba ta ɗauki mutane ba.

Ita kuwa maƙwabciyar tawa, na tashe ta daga durƙuson na ce, "'Yata, ɗar ɗin da zuciyarki ta yi shi ne muryar Allah a daren nan, ba ta mai makarufo ba." Da yamma ni da maigidana muka zaunar da mijin, aka ba shi haƙuri, ita ma ta roƙi gafara, don gaskiya ta ci amana. Muka je wurin shugabar makaranta, ta yarda a riƙa biya 2,000 duk Juma'a, yara suka koma aji. Na ara mata tsohon kaskona da mudu biyu na wake, Zumunta ta ba ta galan ɗin mai. Yanzu haka tana bakin layi kowace safiya, saura 6,000 ta gama da makaranta, ƙosanta dai har yanzu gishiri yana ɗan yi masa yawa.

Shekaranjiya da zan je kasuwa sai na ga an sake manna hoton mutumin nan a jikin katanga, wai zai dawo wata mai zuwa, dare uku. Na riga na gaya wa shugabar Zumuntarmu ta ba ni minti goma ranar taro, kuma na ce kowace mace ta zo da Littafinta.